Yadda Na Miƙe Hanyar Jagaba

Jidda, Sadiƙu, wannan babin naku ne ku biyu, domin a gabanku abin ya faru, kuma har yau ba ku san yadda ya faru ba. Duk lokacin da aka yi zancen littafin nan mai baƙin bango da ke cikin durowata, wanda sunayen zango suka cika shi sannan suka tsaya cak a tsakiyar shafi, nakan ji kuna cewa ai tsufa ne ya ci ƙarfin Inna ta manta ƙarshen. Ni kuma sai in yi shiru in gyara zaman tabarau. Shekara da shekaru ina wannan shirun, ya ishe ni haka. Inna ba haka kawai ta manta ba. Da hannuna a ciki, kuma gara ku ji daga bakina tun ina iya riƙe alƙalami.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda muka kawo ta daga Kano a cire mata yanar ido. Muna zaune a ƙasar waje a lokacin, a unguwar Danau Kota, hawa na goma sha bakwai, ni ina koyar da awon ƙasa a wata kwaleji mai zaman kanta, mamanku kuma tana saro yadi a shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman tana aikawa gida. Ranar da Inna ta iso, ta leƙa ta taga da idonta mai hazo, ta ja da baya da sauri, ta ce ashe a gidan tantabara muke kwana. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. In ta matsu sai ta ce mai awo, kuma daga yadda take jan sunan za ka san ba yabo ba ne. Ni kuwa a shekarun nan kaina a kumbure yake. Na auna gonaki, na auna tituna, na koyar da 'ya'yan mutane daga ƙasashe da yawa, na kai matsayin da in na ga layi a karkace sai hannuna ya yi ƙaiƙayi. Kun san halina, ba sai na tsawaita ba.

Kowace safiya bayan asuba Inna takan zauna a kujerar roba a baranda, ta fuskanci ruwan tafkin unguwar can ƙasa, bakinta na motsi, tana buga gwiwarta da yatsa ɗaya. Tun ina yaro nake ganin wannan bugun gwiwar. Na ɗauka lazimi ne, ban taɓa tambaya ba. Ke ce, Jidda, kika tono abin ba da niyya ba. An ba ku aiki a makaranta kan matafiyan farko da suka ratsa ƙasashen da ba a sani ba suka nufi yamma, kin baje hotunan Turawa masu malafa a kan tabarma, Inna da aka yi wa aikin ido ɗaya tana ta kara su kusa da fuskarta.

"Ke ƙawata, waɗannan masu malafar su waye?"

"Explorers ne, Inna. Su suka fara shiga daji, suka gano koguna da duwatsu."

"Da suka je babu kowa a wurin?"

"Akwai mutane mana, amma ba su rubuta ba."

Inna ta ajiye hoton, ta ce, "To, kakana ma bai rubuta ba. Amma ya je har inda rana take faɗawa cikin ruwa, da ƙafarsa, ya dawo."

Na sauke jaridar da nake karantawa. Na san dai a jininmu akwai fatauci, kamar yadda kowane Bakano yake faɗi, amma ban taɓa jin wannan ba. Ashe kakan Inna, Mamman, jagaban ayari ne. A ayarin fatake madugu ne shugaba, uban dawaki yana baya yana tattara waɗanda suka gaji, shi kuwa jagaba yana gaba da kowa, shi ne mai neman hanya da ruwa da wurin kwana. Sun saba kai kanwa da baƙin yadi Gwanja su dawo da goro. Wata shekara suka isa suka tarar rikici ya watsa kasuwar, babu mai saye babu mai sayarwa. Wasu suka juya gida. Madugunsu ya ce shi ba zai mayar da kaya Kano ba, ya ji ana cewa can yamma akwai ƙasar da goro yake fitowa, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa kai jaki can. Ya dubi Mamman ya ce ya shige gaba. Da Mamman ya tsufa, ƙafafunsa duk faso, ya nemi wanda zai ba sunayen zangon da ya taka tun daga ƙofar gari har bakin teku. Jikokinsa maza suka ce me za su yi da shi, ga jirgin ƙasa, ga mota. Sai ya zaunar da 'yar yarinya mai shekara bakwai da ke kawo masa fura, wato Inna, ya riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, ya ce ta maimaita kowace safiya kada su tsere. Abin da take yi ke nan a baranda, sama da shekara saba'in, ba fashi.

Ranar na kasa komawa kan jaridata. Na sayo littafin nan mai baƙin bango, muka sa Asabar ta zama ranar rubutu. Inna takan faɗi suna, in rubuta, wani lokaci ta tsaya ta ba mu abin da tsohon ya gaya mata game da wurin. Ta ba mu fiton Kwara a Yawuri, yadda ake sauke kaya a zuba a kwalekwale, a riƙe kan jakuna suna iyo a gefe, idanunsu a waje, tsallaken kogin kuma ko alamarsa ba a gani sai an yi nisa. Ta ba mu wani fili da suka yi kwanaki suna ratsawa, ciyawa ta shanye mutum da kayan da ke kansa, ba abin da kake gani sai sama da bayan wanda ke gabanka. Ta ba mu garuruwan da babu mai jin ko kalma ɗaya ta Hausa, sai Mamman ya ajiye sandarsa da takobinsa nesa, ya zauna a ƙasa a bakin gari da ɗan ƙullin kanwa a tafin hannu, ya jira har wani ya fito. Ni da nake tafiya awo da mota da na'urar da ke magana da tauraron ɗan adam, ga wani mutum na jinina ya nufi ƙasar da bai san ƙarshenta ba da sanda da gorar ruwa, rayuka da dabbobi masu yawa a bayansa suna jiran abin da zai ce. Kai, Sadiƙu, har wasan ƙwallo ka bari saboda Asabar ɗin nan, kana tambaya da Turanci Inna tana ba ka amsa da Hausa, kuna fahimtar juna yadda Allah ya so.

Mun wuce Nikki, mun wuce Yandi, mun kai Gwanja, mun fara nausawa yamma, sai ciwon nan nawa ya motsa. Na lura sunayen suna maimaituwa. Ga misali yadda na rubuta wani wuri daga bakinta: Kuka Bakwai, Rijiyar Makafi, Kuka Bakwai, Mashigin Kada, Kuka Bakwai, Mashigin Kada, Dutsen Zuma. Haka abin yake tun daga farko, a je a dawo, a je a dawo, wani sunan ya fito sau ɗaya ya ɓace, wani ya fito sau uku. Na ce a raina, ai wannan a fili yake, tsohuwa ce take tuntuɓe tana komawa baya ta kamo zaren. Ban tambaye ta ba. Wannan shi ne abin da nake so ku riƙe, tana zaune a gabana, tsakaninmu bai fi taku biyu ba, ban tambaye ta ba. Na kwashi littafin na tafi ofis, na soke duk sunan da ya maimaitu, na cire waɗanda suka kauce daga hanya, na dasa manyan garuruwan a kan taswira, na ja jan layi mai kyau daga Kano har inda muka tsaya. Sunaye sama da ɗari uku suka dawo ba su kai ɗari ba. Na sa aka buga mini a babbar takarda, na naɗe, na shigo gida ina jin kaina.

Ranar Lahadi ce bayan mun ci abincin rana, hadari ya haɗo kamar kullum. Na shimfiɗa takardar a tsakar ɗaki, na danne gefunanta da kofuna, na kira kowa.

"Inna, ga hanyar kakanki. Na gyara ta."

Ta sunkuya, ta bi jan layin da yatsa. "Ina Rijiyar Makafi?"

"Na cire ta. Ba ta kan hanya. Akwai wuraren da kike komawa baya kina maimaitawa, duk na share su."

Kai ne, Sadiƙu, ka ce, "So Inna ta yi mistake ke nan, Baba?"

Na yi dariya, na ce, "Ba laifinta ba ne. Tsufa ne, kowa zai kai. Shi ya sa ake rubutawa."

Inna ta ɗauke yatsanta daga takardar. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "To. Allah ya yi albarka." Ta miƙe ta shiga ɗaki.

Asabar ta zagayo Inna ta ce idonta yana mata zafi. Ta gaba ta ce a bari sai an yi ɗaya idon. Ni kuma jarrabawar ɗalibai ta taso, na ce ai da sauran lokaci. Mamanku ce ta fara lura. Ta tare ni a kicin ta ce, "Baban Jidda, ka ga Inna ta daina zaman baranda? Tana idar da salla sai ta koma ta kwanta." Na ce hutawa take yi, likita ma ya ce ta huta. Mamanku ta dube ni irin kallon nan nata, ta ce ita dai a ganinta maganar ranar Lahadin nan ba ta yi daɗi ba. Na ce mata ilimi ba ya jin kunya, na ɗauki jakata na fita. Haka muka yi wata biyar, kujerar roba tana baranda ruwa yana dukanta.

Da aka yi ido na biyu ya warke, Inna ta ce ta gaji da zaman tantabara, ita da kanta za ta riƙa zuwa kasuwar safe ta zaɓo kuɓewa, don wadda muke sayowa ta tsufa a uwarta. Muka hana, ta ƙi hanuwa. Sai maigadin ginin ya fara kawo mini rahoto, wai tsohuwarku takan fito ta tsaya a ƙofa, ta tafi ta dawo, ta sake tafiya ta dawo, sannan ta hau sama ba ta sayi komai ba. Na damu, amma in faɗa muku gaskiya, a wani lungu na zuciyata na ji daɗin cewa maganata ta tabbata. Na sami Ladi, maƙwabciyarmu 'yar Filato da ke aikin jinya, na ce ina jin ƙwaƙwalwar Inna ta fara taɓuwa. Ta ce, "Haba Daddy, Mama da ta fi ni lissafin kwanakin maganinta? Ka bi ta ka gani da idonka first, kafin mu yi maganar asibiti."

Na bi ta wata safiyar Asabar, ina daga baya kamar ɓarawo. Ta fita ƙofar maigadi ta yi hagu, ta yi tafiya har ta iske babban titi, motoci da babura suna wucewa kamar an koro su, babu wurin tsallakawa. Ta tsaya ta duba sama da ƙasa, ta juyo, ta dawo ƙofar maigadi. Ta yi dama, ta kai shagon mamak inda muke shan shayi, ta dubi kwanar da ke gaba, ta juyo, ta sake dawowa ƙofar maigadi. Sannan ta koma shagon mamak, wannan karon ba tsayawa, ta wuce shi. Na matso kusa, sai na ji bakinta yana motsi, yatsanta yana bugun cinyarta ta cikin mayafi.

"Ƙofar maigadi, titin ajali, ƙofar maigadi, mai shayi, ƙofar maigadi, mai shayi, gindin mangwaro."

Na sha gabanta, ko gaisuwa ban yi ba, na ce, "Inna, me ya sa kike komawa ƙofa?"

Ba ta yi mamakin ganina ba. Ta ce, "Haka ake koyon hanya. Ka je ka gani, ka dawo inda ka bar mutanenka, in da kyau ka ɗauke su ku tafi. In ba kyau ka sake wata."

"To titin can da ba ki bi ba, me ya sa kike faɗin sunansa?"

"Don kada na baya ya je. Rijiyar Makafi ba ruwa a cikinta. Kakana ya yi wuni biyu ya same ta a ƙafe, ya dawo harshensa ya kumbura. In ka cire ta, wani zai kai ayari can."

Na tsaya a bakin titi, masu zuwa kasuwa suna ratsa mu da ledoji. Ashe ba hanyar ayari take ɗauke da ita ba, sawun jagaba ne, taku bayan taku. Duk inda ayari ya taka sau ɗaya, shi ya taka sau uku, ban da wuraren da ya je shi kaɗai ya tarar da ƙishirwa ko kogin da ba ya tsallakuwa ko mutanen da suka ɗana masa baka. Na yi lissafin a tsaye, irin lissafin da nake taƙama da shi. Mutumin nan ya taka faɗin ƙasar nan ninki uku da ɗori, ya kuma adana kowane kuskurensa da sunansa don waɗanda ba a haifa ba tukuna. Abin da ya fi komai tsada a cikin kayan shi na bi da alƙalami na soke.

Na ce, "Inna, don me ba ki gaya mini ba ranar?"

Ta ce, "Ka tambaye ni? Ka ce tsufa ne, a gaban yara. Kuma na ga ka buga a takarda, ga ja ga baƙi. Na ce to, mai ilimi ya karɓi kayan, yadda ya ga dama haka zai ɗaure su. Sai na sauke. Na daɗe da su a ka."

A nan gindin mangwaron na durƙusa, da furfurata da komai, wata 'yar China mai sayar da tahu, awararsu ta can, tana kallona. Na roƙe ta gafara, na roƙe ta ta koma baranda. Ta ce in tashi kada in tara mata jama'a, kuɓewa ta fito saye.

Washegari bayan asuba na goge kujerar da kaina, na kawo littafin, na tashe ku duka biyu. Wataƙila kuna tuna wannan safiyar, amma ba ku san abin da ya kawo ta ba. Inna ta zauna, ta yi bisimilla, ta fara daga ƙofar gari. Sunayen suka riƙa zubowa, da zuwansu da dawowarsu, ina bi da yatsa a shafukan da na yi wa zane, kunya kamar ta kashe ni. Ta wuce Gwanja, ta wuce inda muka tsaya, na buɗe sabon shafi. Ta shigar da mu ƙasar duwatsu, inda ta ce tsohon ya ga babban kogi yana fitowa daga ƙarƙashin dutse bai fi ka tare shi da tafin hannu ba, ya sa hannun ya tare, ya yi ta dariya shi kaɗai. Ta shigar da mu kurmin da rana ba ta taɓa ƙasa, da tsakar rana sai ka ce magariba. A nan ne, bayan shekara da shekaru yana ɗaukar goro a kan jaki, ya fara ganin bishiyarsa, ya tsaya a ƙarƙashinta ya cire hula. Daga nan madugu ya ji labarin wata kasuwa a bakin ruwan da ba shi da tsallake, ya ce a ƙarasa. Ta kai mu wata gada da mutanen wurin suka saƙa da jijiyoyin itace a saman kogi, tana lilo, jakuna suka ƙi hawa, Mamman ya hau ya dawo, ya hau ya dawo.

"Gadar Igiya," in ji Inna. "Tudun Biri. Gadar Igiya."

Yatsanta ya tsaya a sama bai sauka kan gwiwar ba. Ta sake cewa Gadar Igiya. Ta koma baya zango biyar ta taho da gudu ko za ta tsallake, ta zo nan ta tsaya. Ta ce a bari sai gobe. Gobe ta yi, ta faro daga Kano, ta zo gadar ta tsaya. Muka yi kwana tara a haka. Farkon hanyar ta fi shekara saba'in tana bi da sabon ƙarfi kowace safiya, shi ya zauna daram. Ƙarshen kuwa shi aka ba ta daga baya, tsohon yana gab da rasuwa, maimaitawar kullum ce kaɗai take riƙe da shi, ni kuma na yanke ta wata biyar. Ta san ya kai. Ta san ya tsaya a kan yashi ya ga rana ta nutse cikin ruwa, ya ɗanɗana ya ji gishiri, ya juya ya koma ya ɗauko ayari. Amma inda ya sa ƙafa tsakanin gadar nan da yashin nan, da rijiyoyin da ya tarar a ƙafe, babu sauran mai rai da ya sani.

A safiya ta tara ta sake zuwa gadar ta tsaya, ruwa ya fara yayyafi a kan tafkin. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, alƙalami a hannu, ina jira ta faɗa mini abin da na cancanta. Ta juyo da idanun nan da muka kawo ta aka wanke mata, ta dube ku, ta dube ni, ta ce:

"Ku yi haƙuri, mai awo. Na bar ku a daji."

Ita ce ta ba ni haƙuri.